Filin Masu Karatu: Me Ƙanƙara Ke Yi wa Maniyyi Mai Rauni?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, biyu kan haihuwa a gidan aure, ɗaya daga wajen masu kiwo, kuma dukansu a kan maniyyin da ake daskararwa a ajiye suke. Likitan matsalolin haihuwa na wannan fili ne ya amsa biyun farko, likitan dabbobi ya amsa ta uku. Mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim, shekarata 41. Shekararmu shida da aure, maiɗakina ta yi ɓari sau uku, duk kafin ciki ya cika wata uku. An auna ta ba a ga komai ba. Da aka auna ni a Kano, aka ce yawan maniyyina da motsinsa babu laifi, sai dai wani gwaji ya nuna kashi 34 cikin 100 na ƙwayoyin suna da karaya a abin da suka kira DNA, kuma akwai kumburin jijiya a marainata ta hagu. Sun ce tunda gida da nisa, in bar maniyyi su daskarar kafin ranar dashen ƙwai, wato ranar da za su haɗa shi da ƙwan maiɗakina a asibiti don a mayar cikin mahaifarta. Tsorona shi ne, abin da dama yake da rauni, ƙanƙara ba ƙarasa shi za ta yi ba? Wani kuma ya ce mini sanyi yana kashe marasa kyau ya bar masu kyau. Wanne zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya kawo rayayye. Tsoronka yana kan hanya, amma bari mu fara da abin da wannan 34 ke nufi.

A cikin kan kowace ƙwayar maniyyi akwai rabin gadon halittar ɗa, wato DNA, dogon zare ne da aka naɗe shi tam kamar ƙulli, wani sinadari da ake kira furotamin ya ɗaure shi. Da zarar ƙwayar ta nuna ta bar maraina, ba ta da kayan gyaran kanta. Duk inda zaren ya tsinke, a haka za ta kai shi ga ƙwan mace. Ƙwai yana iya ɗinke ƙananan tsinkewa, musamman na mace mai ƙuruciya, amma idan ɓarnar ta yi yawa sai ya gaza. A kwana ukun farko, ɗan tayi da guzurin da ke cikin ƙwai yake tafiya, bayan nan ne ake neman kason uba. Shi ya sa ake ganin ciki ya shiga lafiya, daga baya ya tsaya ko ya zube. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da kashi 15 a matsayin mai kyau, 15 zuwa 30 tsaka-tsaki, sama da 30 mai yawa. Naka ya ɗan haura. Ba zan ɗora masa ɓarin nan uku shi kaɗai ba, domin ɓarin farkon ciki yana da dalilai da yawa, amma abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa.

Yanzu ƙanƙara. Ka taɓa tsotsar zoɓon leda da ya daskare? Zaƙin da jan ne ke fara fitowa, a bar ka da farar ƙanƙara salam. Haka ruwa yake: idan zai daskare, shi kaɗai yake daskarewa, ya ture gishiri da sukari gefe. To haka ke faruwa a kewayen ƙwayar maniyyi. Ruwan da ke wajenta ya fara zama ƙanƙara, ɗan ragowar da bai daskare ba ya yi tsananin gishiri, sai ya zuƙo ruwan da ke cikin ƙwayar, ta motse. Idan sanyin ya sauka a hankali ƙwarai, ta daɗe tana jiƙe a wannan gishirin har ta lalace. Idan ya sauka da gudu, ruwan cikinta bai samu ya fita ba, sai ya daskare a ciki, tsinin ƙanƙara ya huda fatarta. Ranar narkarwa kuma a sake bin hanyar a juye, ruwa ya koma ciki da ƙarfi, ta kumbura. Hatsarin duk yana wurin sauka da wurin hawa. Zaman ajiyar kansa ba ya cin komai, domin a cikin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri, duk wani aiki na rai ya tsaya cak.

Abin da ya sa aikin yake yiwuwa shi ne wani sinadari da ake kira gilisarin. A 1949 ne Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano a Landan cewa yana kare maniyyi daga sanyi, a kan maniyyin zakara ma suka fara gani. Yana shiga cikin ƙwayar ya maye gurbin wani ɓangare na ruwanta. Duk da haka, abin da aka saba gani shi ne motsin ƙwayoyi ya ragu da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi bayan narkarwa.

Shi kuwa DNA, ɓarnar da yake samu yawanci daga wani abu take zuwa mai kama da tsatsa. Idan ƙwaya ta sha wuyar sanyi, ɗan injin da ke wuyanta, wanda ke ba wutsiya ƙarfi, yakan riƙa fitar da wasu burbushin sinadarai dangin oksijin masu cin duk abin da suka taɓa. Matattun ƙwayoyi da fararen ƙwayoyin jini da ke cikin maniyyin mai ciwon sanyi su ma suna ƙara su. Zaren da aka naɗe tam, da wuya su kai gare shi. Wanda naɗinsa ya yi sako-sako, ko dama akwai tsaga a jikinsa, nan da nan suke samun ƙofa. Bincike bai zo da baki ɗaya ba kan yawan ƙaruwar karayar, wasu sun ga ta tashi sosai, wasu kaɗan, amma abin da ya fi maimaituwa shi ne maniyyin mai cikakkiyar lafiya yana jurewa, na mai rauni ya fi jin jiki. Tulu mai tsaga shi ke fara fashewa a hanyar rafi.

Maganar da aka faɗa maka cewa sanyi yana tace marasa kyau, rabinta ne gaskiya. Masu raunin fata suna mutuwa, ma'aikacin ɗakin gwaji kuma masu motsi yake zaɓa. Amma motsi aikin wutsiya ne, karaya kuwa a cikin kai take. Ƙwaya tana iya gudu kamar ba gobe alhali zarenta a tsinke yake, kuma idon madubin likita ba ya ganin haka. Kada ka dogara da ƙanƙara ta yi maka gyara.

Shawarata, idan shekarun maiɗakinka ba su matsa ba, kada ka yi gaggawar ajiye wannan maniyyin. Kai ba ka cikin waɗanda lokaci ya ƙure wa. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu, da ƙarin kusan mako biyu na fitowa, don haka abin da ka gyara yau sai bayan wata uku za a ga amfaninsa. Ka ga likitan mafitsara kan kumburin jijiyar nan. Maraina suna son su fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 4, jinin da ke taruwa a kumburarriyar jijiya kuwa ɗumama su yake yi, kuma aikin ɗaure ta yana rage karaya ga maza da yawa. A duba ko akwai ciwon sanyi a yi muku magani ku biyu, a auna sukari. In kana shan taba ko shisha ka bari. In kai ke feshin maganin ƙwari a gona, ka rufe hanci da hannu, ka sa doguwar riga, ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka shiga gida. Zazzaɓi mai zafi ma yana ɗaga wannan lamba na wata biyu zuwa uku, don haka in ka yi maleriya daf da wancan gwajin, a sake shi. Magungunan ƙarin kuzari da ake sayarwa da sunan gyara maniyyi, hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba, kuma yawansu na iya cutarwa, kada ka saya sai likita ya rubuta.

Ranar dashe, in da hali ka zo da kanka a yi da sabo. Wanda aka daskarar ya zama na ko-ta-kwana. Kuma kada ka tara kwanaki da yawa kana ƙaurace wa iyali da tunanin zai fi ƙarfi. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kwana 2 zuwa 7 don gwaji, amma ga mai irin matsalarka kwana ɗaya zuwa biyu ya fi, domin tsatsar nan tana ƙaruwa ne muddin ƙwayoyin na zaune suna jira.

In ta kama sai an daskarar, ga yadda aiki mai kyau yake. A bayar da maniyyin a can asibitin, a bar shi ya tsinke minti 20 zuwa 30, a fara aiki kafin awa guda. Ruwan kariya mai gilisarin ɗigo-ɗigo ake zuba shi ana juyawa a hankali, in aka antaya shi gaba ɗaya ƙwayoyin sun sha wuya tun kafin su ga sanyi. A bar shi kamar minti 10, a raba a ƙananan mazubai da yawa masu ɗauke da sunanka, a jera su a tururin naitirojin na wasu mintuna kafin a nutsa su. Ka roƙa a narkar da ɗan ƙarami guda a gwada, a gaya maka motsin da ya rage, in da hali har da karayar. Ka kuma tambaya ko suna mayar da ragowar da aka narkar cikin ƙanƙara, domin kowane zagaye yana ƙara ɓarna. Wanda aka narkar a yi aiki da shi da wuri, karaya tana hawa idan ya daɗe a ɗumi. Idan bayan duk wannan lambar ta ƙi sauka, akwai ɗebo ƙwayoyi kai tsaye daga maraina, inda karaya ta fi ƙaranci, amma wannan sai kun zauna da likitanka.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Daga wajen Sumaila nake rubutowa. Watanmu takwas da aure aka gano maigidana yana da cutar daji ta kaluluwa, za a fara masa ruwan magani nan da kwana goma. An ce ya ajiye maniyyi, amma gwaji ya nuna ba shi da yawa. Yana da amfani kuwa? Surukata tana tsoron ɗan da za a samu ta haka zai zo da nakasa, ni kuma ina tunanin halaccinsa.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Amsarki ta sha bamban da ta Malamin Ringim. Shi yana da lokacin gyara, ku ba ku da shi. Ku je a wannan makon.

Cutar da kanta, da zazzaɓin da take kawowa, suna rage maniyyi su kuma ƙara masa karaya, kuma gaskiya ne daskarewa za ta ƙara rage shi. Amma da babu gara ba daɗi. Tun 1992 aka fara dabarar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a soka ta cikin ƙwai guda, a Beljiyam, don haka ko 'yan kaɗan ne suka farfaɗo suna iya wadatarwa. Ya bayar sau biyu ko uku, da tazarar kwana ɗaya zuwa biyu, a raba a mazubai da yawa. In sau ɗaya kawai ya samu, a ajiye shi. Za a fara gwada jininsa don ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, wannan ƙa'ida ce ga kowa. Abin da ba a so shi ne a ɗiba bayan an fara ruwan magani ko gasa cutar da na'ura, ko da zagaye ɗaya ne, domin aikin waɗannan magunguna shi ne lalata DNA na ƙwayoyin da ke rarrabuwa, kuma ba sa tsallake maraina. Saboda wannan dalili ne za a ce ku yi tsarin iyali lokacin magani da bayansa, daga wata shida har zuwa shekara biyu, gwargwadon abin da likitansa ya yanke. Kada kuma ku ɗage ranar fara magani da kanku saboda ajiya.

Ki kwantar wa Inna da hankali. Tun 1953 aka samu cikin farko da maniyyin da aka daskarar, a jihar Iowa ta Amurka, kuma a cikin ɗimbin yaran da aka haifa ta wannan hanya ba a ga nakasa ta fi ta sauran yara ba. An haifi lafiyayyu da maniyyin da ya haura shekara 20 a ajiye. Tulun ajiyar ba ya aiki da wutar lantarki, ƙara masa ruwan naitirojin kawai ake yi, to ku tambayi sau nawa suke dubawa da nawa ne kuɗin shekara. Firizar gida ba ta wuce digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri, ba ta ajiye maniyyi.

Batun halacci, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa a mayar cikin mahaifarta idan akwai buƙata, tare da tsananta kiyayewa kada a cakuɗa. Mafi yawan malamai sun sharɗanta a yi amfani da shi aure yana nan, miji yana raye. Ku karanta takardar yarjejeniya da kyau, ku kai wa malamin da kuka yarda da shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni matashi ne da na koyi ɗura wa shanu maniyyi, ina zagaya rugage a yankin Dambatta. Cikin shanu 20 da na yi wa da maniyyin bijimin waje, huɗu kawai suka ɗauka. Wasu sun dawo neman baye bayan mako uku, wasu sai bayan wata guda da 'yan kwanaki. Ina narkar da tsinken, wato siririn bututun da ake daskarar da maniyyin a ciki, a gida in sa a aljihu in hau babur. Makiyaya sun fara cewa maniyyin matacce ne.

AMSA: Samari, sannu da ƙoƙari. Inda komai ya tafi daidai, kusan rabi ake sa ran su ɗauka a karon farko, don haka huɗu cikin 20 akwai gyara. Kuma ka riga ka faɗi babban laifin da bakinka: aljihu da babur.

Tsinken nan, ko na rabin mililita ko na kwata, siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Narkewa a hankali ita ce mafi muni, domin ƙananan ƙanƙarar da ke ciki sukan haɗe su zama manya su yayyaga ƙwayoyin. A gindin saniya ake narkarwa. Ka tafi da ƙaramin tulun naitirojin, da fulas na ruwan ɗumi, da ma'aunin zafi. Ruwan ya kasance digiri 35 zuwa 37, aunawa ake yi, ba a gwadawa da yatsa. Tsinke ya yi sakan 40 zuwa 45 a ciki. Ka goge shi ƙaf da takarda mai tsabta, ɗigon ruwa ɗaya yana kashe maniyyi. Ka murza bindigar ɗura maniyyin da tsumma ta yi ɗumi, musamman da asubahin hunturu, ka sa ta cikin riga in ka loda, kada rana ta buge ta. Daga narkarwa zuwa ajiye shi a jikin mahaifa, da zarar ka wuce bakinta, kada ya haura minti 10 zuwa 15. A kama saniya a ɗaure tukuna, sannan ka buɗe tulu.

Shi ma tulun yana ɓata tsinke ba ka sani ba. Da zarar tsinke ya ɗumama ya haura wajen digiri 130 ƙasa da sifiri, ƙanƙarar cikinsa ta fara sauya kama, kuma mayar da shi ƙasa ba ya warkar da abin da ya lalace, taruwa yake yi. Wuyan tulu daga sama ɗumi gare shi. Kada ka ɗago gwangwanin da tsinkayen ke ciki ya wuce layin da raɓa ta daskare, ka ɗauka da hantsaki, in sakan 10 ya wuce ba ka samu wanda kake nema ba ka mayar ya huce. Duk mako ka auna ruwan da sandar katako ko ta baƙar roba marar rami: ka tsoma sakan 10, ka fito da ita ka kaɗa a iska, inda ta yi fari nan ruwa ya tsaya. Kada ka bari ya sauka ƙasa da santimita 15. Ka ɗora tulun a kan katako a inuwa, in ka ga raɓa ta daskare a jikinsa ta waje, ya lalace, ka kwashe kaya ranar. Kada ka taɓa zuba naitirojin a fulas ka toshe, fashewa zai yi, kada kuma ka rufe kanka da shi a mota ko ɗaki marar iska.

Kwanakin da ka lissafa suna da magana. Wadda ta dawo tsakanin kwana 18 zuwa 24, ko dai maniyyi bai kai ba, ko lokaci bai dace ba, ko ɗan tayin ya mutu da wuri. Bunaji da Rahaji neman bayensu gajere ne, sau da yawa da dare, don haka wadda aka ga ta tsaya ana hawanta da safe a yi mata da yamma, ta yamma a yi mata washegari da sassafe. Wadda ta dawo bayan kwana 25 zuwa 35 kuwa, alama ce ciki ya shiga ya mutu. A nan ne ake zargin lafiyar DNA na bijimin, domin maniyyi mai karaya yana shiga ƙwai kamar kowa, daga baya tayin ya tsaya, kuma ƙara yawan tsinke ba ya magance shi. Bijimin da ya sha zafin bazara ko zazzaɓi, maniyyinsa yana ɗauke da tabon har kusan wata biyu, in aka ɗiba a lokacin aka daskarar, da tabon za a ajiye shi. Amma kafin ka ɗora wa bijimi, dubi shanun: saniyar da rani ya rame, ko mai sammore, ko garken da bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, ya shiga, ba za su riƙe ciki ba ko da wane maniyyi ne. A taimaka musu da harawa da dusa da angurya kafin a fara.

Ka ɗauki tsinke biyu daga tulunka, a cikin naitirojin, ka kai inda ke da madubin likita, ofishin likitan dabbobi ko cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, a narkar a duba. In masu tafiya gaba ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, ka daina amfani da wannan rukunin. Ka kuma buɗe littafi: sunan saniya, ranar da aka ga alama, awar da ka ɗura, lambar bijimi da ke jikin tsinke, ranar da ta dawo, da sakamakon duba ciki a kwana 45 zuwa 60. In masu dawowa a makare duk na bijimi ɗaya ne, ka sauya bijimi. In sun bazu a kan kowane bijimi, ka koma kan tulu da fulas da abincin shanun.